Malejin tsohuwar mota: allura da lambobi su ne shaidunka

Tsaya a bakin hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega ka leƙa cikin tsofaffin Fijo 504 da har yanzu suke kan aiki, ko akori-kurar da ke ɗauko albasa daga Aliero. Sau da yawa za ka tarar allurar maleji kwance a kan sifiri, ta yi shekaru ba ta ɗaga kai ba. Ka tambayi direba, ya ce maka ai kunnensa ne malejinsa, da jin kukan inji ya san gudun da yake yi. To, kunne dai ba ya ƙirga kilomita. Bai san ranar juye baƙin mai ba, ba zai gaya maka lita nawa motar ta sha daga nan zuwa Yauri ba, kuma ba hujja ba ne gaban jami'an kiyaye haɗurra, waɗanda ƙa'idarsu ta ce ƙaramar motar gida kada ta wuce kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a kan babban titi mai tagwayen hannu.

Abin haushin shi ne gyaran ba shi da wuya. Abin da ke ɓata shi gaggawa ce. Da an ce maleji ya mutu sai a ɓalle dashbod, a ciro agogon malejin, a kai wa mai wayarin ya buɗe, alhali laifin yana can ƙarƙashin mota, a wani noti da ya kwance.

Maleji irin na da babu ruwansa da wuta, in ban da ƙwan da ke haska fuskarsa da dare. Tun 1902 wani injiniya mai suna Otto Schulze ya yi rajistar wannan fasaha, kuma ita ce dai a cikin Peugeot 404 da 504 na kamfanin PAN, wanda ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975. Ita ce a Marsandi 200 da 230, da Land Rover, da Volkswagen Beetle, wato Bitil, da tsofaffin Datsun da Toyota. A bayan giyabos, jikin sandar da ke juya farfela, akwai giya mai murɗaɗɗen haƙori kamar zaren noti. Ita ke juya wata 'yar ƙaramar giya, galibi ta roba mai tauri, wadda ake ce wa finiyan. A cibiyar finiyan akwai rami mai kusurwa huɗu, nan bakin kebur yake shiga. Kebur ɗin kashi biyu ne: kube na waje wanda ba ya motsi, da wayar ciki wadda aka nannaɗe da siraran wayoyi, ita ce mai juyawa. Ɗaya bakin nata, shi ma mai kusurwa huɗu, yana shiga bayan agogon.

Da juyin ya shiga agogo sai ya rabu hanya biyu. Hanya ta farko maganaɗisu ne da ke juyawa cikin wani ɗan kofin alminiyam ba tare da sun taɓa juna ba. Juyinsa yana janyo kofin ya bi shi, wani siririn sifirin, wato nannaɗaɗɗiyar wayar ƙarfe kamar gashi, irin na agogon hannu, yana mayar da shi baya. Inda ƙarfin biyun ya yi daidai, nan allura ke tsayawa. Hanya ta biyu 'yan ƙananan giyoyi ne masu juya lambobin kilomita, haƙori cikin haƙori, babu maganaɗisu babu sifirin.

Wannan rabuwar ita ce asirin aikin duka. Allura da lambobi shaidu biyu ne da suka sha ruwa a rijiya ɗaya suka bi hanya daban. In suka faɗi magana ɗaya, laifin yana kafin inda suka rabu: kebur, finiyan, ko taya. In suka saɓa, laifin yana cikin agogo. Saboda haka kafin a ɗauki sifana, a tuƙa motar kilomita biyu ko uku, wani ya zauna a gefe yana kallon su biyun yana kuma kasa kunne.

In duka biyun sun mutu

Cire wayar batir ta negetif tukuna. Bayan dashbod ɗin tsohuwar mota cike yake da wayoyin da robarsu ta bushe, kuma a motocin da ke da mitar caji mai allura akwai waya mai kauri da ke ɗauke da wuta ko da makulli yana aljihunka. Agogon hannu ko zoben ƙarfe ya taɓa ta, sai hayaƙi.

Zura hannu bayan agogo ka kwance kebur. Wasu noti ne mai zare da ake kwancewa da yatsu, wasu kilif ne na roba da ake dannawa a ja. Sau da yawa aikin nan yake ƙarewa, ka tarar notin ya kwance da kansa saboda girgizar hanya, bakin wayar ya zame daga raminsa. In a ɗaure yake, sa duwatsu gaba da bayan tayoyin gaba, ɗaga tayar baya guda ɗaya da jak, ka tokare motar da ƙarfen tokara ko kututture mai ƙarfi, sa giya a firi, saki birkin hannu. Mutum ɗaya ya juya tayar da hannu, ɗaya ya kalli bakin wayar.

Kallo kawai bai isa ba. Kama bakin da yatsu biyu ka ɗan matse. Wayar da ta tsinke a tsakiya takan ci gaba da juyawa in babu nauyi a kanta, domin guntayen biyu suna gogar juna cikin kube, amma da ka matse sai ta tsaya. Haka ma finiyan da ramin cibiyarsa ya cinye. Lafiyayyar waya za ta murɗe ta ƙwace daga yatsunka. In ta ƙwace, kebur da finiyan sun fita daga zargi, saura agogo. Amma duba kusurwoyin bakin tukuna: in sun goge sun zama mulmulalle, zai yi ta juyawa cikin ramin agogon bai kama komai ba.

In ba ta juya ba, ko ta tsaya da matsi, jawo wayar cikin da filaya. A yawancin motoci ta gefen agogo take fitowa. In guntuwa ta fito, ka ga amsarka, sai a kwance ɗaya bakin a giyabos a zaro ragowar.

Ga inda ake asarar kuɗi sau biyu. Waya ba ta tsinkewa haka kawai. Kafin ka sa sabuwa, ɗauki guntun tsohuwar mai kusurwa huɗu, zura shi a bayan agogo, murza shi tsakanin yatsa da babban yatsa. Ya kamata ya juya sumul ba tare da cijewa ba, allura ta ɗan zabura ta koma. In ya yi tauri, ko ya ƙi juyawa sam, agogon ne ya cije ya tsinke wayar, kuma sabuwar ma ba za ta kai ka Kalgo ba.

Akwai gwajin da ya fi wannan bayyana gaskiya in kana da diril na hannu. Mayar da kebur jikin agogo, kwance shi ta gefen giyabos, kama bakin wayar a bakin diril, ka kunna a hankali. A yawancin motoci sai an sa diril a ribas allura ke tashi. In ka ga ta danne kan sifiri ba ta motsa ba, juya shi ɗaya gefen. Allura ta tashi ta tsaya cak, lambobi suna tafiya? To kebur da agogo duk lafiyarsu ƙalau, sauka ƙarƙashin mota.

Gefen giyabos

Finiyan yana zaune cikin wani ɗan gida da ƙaramin bolt ko faranti ke riƙe da shi. Goge wurin da burushi da kananzir kafin ka kwance, kada yashi ya faɗa cikin giyabos, sannan ka ajiye kwano a ƙasa domin mai yakan biyo. In haƙoran sun cinye, za ka ga tsakiyarsu ta lotsa kamar an ɗebe da cokali. Ƙirga haƙoran ka rubuta, ka lura da launin robar, domin kamfanoni da yawa da launi suke bambanta adadin haƙora. Da tsohon a hannu ake zuwa sayen sabo. Ɓarɓashin haƙoran da suka cinye yana cikin man giya, don haka a juye shi a zuba irin wanda littafin motar ya faɗa. Haska tocila cikin ramin a juya taya, a tabbatar giyar ciki mai murɗaɗɗen haƙori tana juyawa tare da sandar, ba zamewa take yi ba.

Land Rover irin na da yana da halinsa a nan. Giyar maleji tana bayan ƙaramin giyabos na taimako, kuma ba wani abin da ke riƙe da ita jikin sandar sai matsin babban notin da ke ɗaure farantin da farfelar baya ke kamawa, can cikin gangar birkin hannu. Notin nan ya yi sako-sako, giyar ta riƙa zamewa, allura ta yi ta sama da ƙasa, musamman in ka ɗaga ƙafa daga totur. Ana iya canza kebur uku a banza kafin a tuna da shi.

A Bitil kuma maleji ba shi da alaƙa da giyabos ko kaɗan. Kebur ɗinta yana ratsa cikin ƙarfen da tayar gaba ta hagu ke juyawa a kai, bakinsa ya ɓullo ta wani rami mai kusurwa huɗu a murfin giris na boris, a maƙale shi da ɗan kilif. Cire wilkaf ka duba. Kilif ɗin yakan faɗi, ramin yakan buɗe ya zama zagaye, ko murfin ya yi sako-sako taya na juyawa shi yana tsaye. In an gyara, a ɗiga ɗan gam ko fenti a bakin ramin, in ba haka ba ruwan damina ya shiga boris.

Allura mai rawa

Wannan ya fi kowanne yawa, kuma kusan kullum kebur ne. Wayar tana cijewa a wani wuri cikin kube, ta nannaɗe kamar igiya, sannan ta saki gaba ɗaya. Kowace cijewa allura ta faɗi, kowace saki ta zabura. Rawar takan fi yawa a ƙaramin gudu, 20 zuwa 40, wani lokaci da 'yar ƙara ƙyas-ƙyas bayan dashbod. A ƙasarmu abu biyu ke haddasa ta. Zafin bazara, da ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, yana narkar da giris ya gangara ƙasa ya bar saman a bushe. Ƙurar hunturu kuma tana shiga ta duk inda kube ya tsage, ta haɗu da ragowar giris ta zama kamar taɓo mai yashi. Wanda ke ratsa fadamun Argungu da damina yana da na uku, wato tsatsa.

Zaro wayar, wanke ta da kananzir, goge ta da tsumma. Tsumman ma gwaji ne: in yana kamawa a wani wuri, siraran wayoyin sun fara tsinkewa, ta gama aiki. Sannan kama bakunan biyu, hannu ɗaya kowanne, bar tsakiyar ta sauko kamar igiyar guga, ka murza ta a hankali. Lafiyayya za ta juya lami lafiya. Wadda ta taɓa lanƙwashewa za ta yi tsalle kamar bulala a kowane zagaye. Ba a miƙe irin wannan da guduma, canza ta ake yi.

Bi kuben daga sama har ƙasa da ido da hannu. Nemi inda ya matse, inda salansa ta ƙona shi, inda ya goge jikin sandar sitiyari ko fedar kuloci, inda wani ya ɗaure shi da wayar ƙarfe tamau bayan an sauke giyabos. In kube ya lotsa, sabuwar wayar ciki ba za ta yi komai ba, a canza su tare. Wajen shimfiɗa sabo, kada wata kwana ta fi da'irar da faɗinta ya kai santimita 30 matsewa, kamar faɗin faifai babba, kuma a bar santimita 5 na kowane baki a miƙe. A mayar da robar da ke ramin bangon da ya raba inji da cikin mota, domin gefen ƙarfen nan wuƙa ne.

Maganar giris kuwa, a nan masu kyakkyawar niyya ke yin ɓarna. Ana ganin in kaɗan ya yi amfani, mai yawa zai fi. Wayar nan a nannaɗe take, tana juyawa tana tura duk abin da ke jikinta zuwa sama. Giris mai yawa ko baƙin mai ƙarshensa cikin agogo, ya cika tsakanin maganaɗisu da kofi. Shafa giris mai laushi siriri, wanda da ƙyar ido ke gani, a zura wayar, a sake jawo santimita 20 na sama a goge su tas, sannan a mayar. Wajen mayarwa a riƙa murzawa har bakin ƙasa ya faɗa ramin finiyan, za ka ji ta daina juyawa da hannu.

In ka kwance kebur bayan agogo ka ga mai yana ɗiga, mai warin man giya, ba giris ba ne. Sil ɗin finiyan, robar da ke hana mai fita, ya mutu, wayar tana hawo da man giyabos. Alamarsa allura mai nauyi, ta tashi a hankali kamar mai jin barci, ta daɗe ba ta sauko ba, wani lokaci mai ya ɗiga kan ƙafar direba. A canza sil da zoben robar gidan finiyan, a duba ko an cika man giya fiye da ƙima, a kuma buɗe 'yar kafar numfashin giyabos in laka ta toshe ta, domin in ta toshe zafi zai tura mai ta duk inda ya sami hanya.

Sai tsawon wayar ciki. Sabon kebur na araha yakan zo da waya da ta ɗara kube tsawo fiye da ƙima. Ka ɗaure noti, wayar ta tokare sandar maganaɗisu tana tura ta ciki, bushin da sandar ke juyawa a cikinsa ya cinye, maganaɗisu ya fara gogar kofi. Araha ba ta ado. Gwada sabo da tsoho gefe da gefe kafin ka biya, ka duba tsawon kube, irin notin, kaurin bakin, da yawan abin da ya ɓullo. A agogon kamfanin Smiths na Land Rover abin da ya kamata ya ɓullo bai wuce kimanin milimita 10 ba. Ga wata dabara: in ka ɗan sassauta notin bayan agogo rawar ta ragu, wayar ta yi tsawo. A goge bakin da fayil kaɗan kaɗan. A tuna kuma Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ne a watan Afrilun 1972, don haka tsofaffin motoci masu sitiyari a dama suna nan, kuma kebur ɗinsu ba lallai tsawonsa ya zo ɗaya da na masu sitiyari a hagu ba.

Akwai rawa guda da ba ta kebur ba. In allura tana tsaye lafiya, sai ta yi ƙyafta ɗaya a tazara daidai, kamar duk lokacin da lambar ƙarshe za ta juya, giyoyin lambobi ne suka bushe suna cijewa.

In shaidun sun saɓa

Allura na aiki lambobi sun tsaya: wata 'yar giya a cikin agogo ta fashe ko ta zame. A Marsandi W123 mai agogon kamfanin VDO sanannen ciwo ne, wata giyar ƙarfe mai launin toka tana sakin sandar da take kai. Ana fitar da sandar a ɗan ƙarce wurin da filaya domin ya yi kaushi, a mayar da giyar ta kama. A guji danna maɓallin mayar da ƙananan lambobi sifiri mota na tafiya, tsofaffin haƙoran roba ba sa jure wannan.

Lambobi na tafiya allura na kwance: ko ta lanƙwashe tana gogar gilashi ko fuskar agogo, wanda zafin rana ke jawowa in ana barin mota a fili, ko datti ya kama ƙafar kofin, ko siririn sifirin ya harɗe.

Allura ta harba ƙarshen maleji da ƙara mai tsini kamar ana yanka kwano: tsaya nan take ka cire kebur daga bayan agogo. Bushin ya bushe ko ya cinye, maganaɗisu ya kama kofi yana jan sa da ƙarfi. In aka ci gaba da tafiya, sifirin ya tsinke, allura ta karye, gyaran ɗigon mai ɗaya ya zama sayen agogo.

Buɗe agogo aikin haƙuri ne, kuma mai gyaran agogon hannu a kasuwa ya fi bakanike hannun yin sa. Garin neman gira ake rasa ido. A yi shi kan tsumma mai tsabta, nesa da inda ake walda ko goge ƙarfe, domin maganaɗisu yana tsince duk ɓarɓashin ƙarfen da ke kusa, kuma guda ɗaya ya isa ya kama kofi. Zoben da ke riƙe gilashi a wasu agogunan lanƙwasa shi aka yi, da ƙaramin sukudireba ake ɗaga shi kaɗan kaɗan a zagaye. Kafin a cire allura, a ɗaga ta a hankali ta tsallake ɗan turken sifiri, a bar ta ta tsaya inda take so, a sa alama da fensir a gefen fuskar. Nan za a mayar da ita, sannan a tsallako da ita kan turken. Wanda ya manta wannan, malejinsa zai yi ƙaryar adadi ɗaya a kowane gudu. Ana ɗaga allura da ƙananan cokula biyu, ɗaya kowane gefe, da takarda a ƙarƙashi kada fenti ya ƙarce. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a bushin da kebur ke shiga, ɗan giris a kan tsinken ashana ga giyoyin lambobi, shi ke nan. Kada a fesa man gwangwani a ciki, kada a taɓa sifirin da yatsa, kada fetur ko tina su kusanci fuskar agogo da lambobin, rubutun zai bi tsumma.

Yana aiki amma ƙarya yake yi

A nan ma shaidun biyu ne za su raba gardama. Sami miƙaƙƙiyar hanya marar ramuka da rana, wani ya riƙe waya mai GPS, direba ya kula da tuƙinsa. Rubuta abin da allura ta nuna a gudun gaskiya na 40, 60 da 80, sannan a gwada lambobi da GPS ɗin a tafiyar kilomita 10. In babu GPS, agogon hannu da tazarar da aka tabbatar kilomita ɗaya ce sun isa: a gudun 60 kilomita ɗaya daƙiƙa 60 ce cif, kuma 3600 a raba da daƙiƙoƙin da aka ci a kilomita ɗaya shi ne gudun gaskiya.

In lambobi daidai suke allura ce ke kuskure, cikin agogo ne. Kuskure iri ɗaya a ko'ina, misali ƙarin 10 a 40 da 60 da 80, allura ce aka dasa ba daidai ba. Kuskuren da ke girma da gudu kuwa, in ƙasa take nunawa maganaɗisu ya yi rauni, in sama take nunawa sifirin ya saki. Ɗan ƙari kaɗan ba laifi ba ne, da gangan kamfanoni ke yin sa. Ƙa'idar Turai ta hana maleji nuna ƙasa da gudun gaskiya, amma ta yarda ya ɗara da kashi 10 cikin 100 da ƙarin kilomita 4.

In allura da lambobi sun yi kuskure tare, kashi ɗaya, agogo ba shi da laifi. Fara da taya. Salun 504 da taya mai lamba 175 R14 ta zo, tsayinta kimanin milimita 636, zagayenta kusan mita 2, wato tana juyawa kusan sau 500 a kilomita. Masu lodi suna son 195 R14 domin kauri da tsayi, amma ita milimita 668 ce, ƙarin kashi 5 cikin 100. Malejin da a da yake daidai zai nuna 95 kana kan 100, lambobi su rubuta kilomita 95 ka yi 100. Wanda ya sa 185/70 R14 kuma, mai milimita 615, nasa zai nuna 103. A Bitil tayar gaba ce kawai ke da wannan tasiri, a sauran tayar baya.

Bayan taya sai aksil da giyabos. Salun, wagon da akori-kura na 504 ba lissafin haƙoran aksil ɗinsu ɗaya ba, kuma motar da ta shekara arba'in a hanya da wuya a ce ba a taɓa sa mata na wata ba, daga Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko kayan Kwatano. Finiyan da ke cikin giyabos an zaɓe shi ne domin wani aksil, in aka haɗa shi da wani daban dole maleji ya kauce. Gyaransa lissafi ne: haƙoran finiyan na yanzu, sau abin da maleji ya nuna, a raba da gudun gaskiya. Mai haƙora 20 da ke nuna 110 a gudun 100 yana buƙatar mai 22. Ƙarin haƙori yana rage abin da allura ke nunawa, ragi yana ƙara shi. Sai dai ba a yin nisa da adadin asali, domin akwai iyakar abin da giyar ciki za ta iya kamawa ba tare da ta cinye shi ba.

A duba kuma ko agogon mil yake ƙirgawa. Tsofaffin motocin Ingila da na Amurka haka suke, mil ɗaya kuwa kilomita 1.609 ne, 50 a fuskarsu 80 ce.

In ya zama dole a sayi wani agogon, kamannin fuska ba ya wadatarwa. Kowane agogo an yi shi ne domin wani adadin juyin kebur. Motocin Japan sun tsaya a juyi 637 a kilomita, na Amurka 1000 a mil. Smiths yana rubuta nasa adadin da ƙananan lambobi a ƙasan fuskar, VDO kuma yana buga harafin W da lamba, wato juyi nawa a mita ɗaya. Domin sanin abin da motarka ke bayarwa, cika tayoyi da iska daidai, auna mita 20 a shimfiɗaɗɗen wuri, kwance kebur bayan agogo ka manna masa 'yar tutar kwali, a tura motar a firi daga alama zuwa alama, kana ƙirga juyin tutar har da rabi da kwata. Yi sau uku ka ɗauki matsakaici, ka ninka sau 50. Juyi 12 da kwata uku ya ba ka kusan 637, juyi 16 ya ba ka 800, wato W 0.8. Da wannan lambar a takarda za ka shiga kasuwa.

Ranar da aka ɗaura sabon agogon, a rubuta lambar da tsohon ya tsaya a kai da wadda sabon ya fara da ita, da kwanan wata, a ajiye cikin takardun mota. Masu lamba biyar suna komawa sifiri bayan 99,999, don haka in an san sau nawa tsohon ya zagayo, shi ma a rubuta. Mayar da lambobi baya domin a sayar da mota algus ne, kuma mai saye da ya san aiki yana ganewa: lambobin da aka taɓa ba sa komawa kan layi ɗaya, robar fedar birki da ta cinye har ƙarfe kuma ba ta tafiya da kilomita 40,000.